Cibiya ɗaya cikin dubu

Na daɗe ina koyar da ilimin halittu, kuma duk sel ɗin da na zana a allo da'ira ce mai cibiya guda a tsakiya. Wannan zanen ne ya kayar da ni.

Darasinmu a kan FSHD ne, cutar lalacewar tsoka da kan fara daga fuska da kafaɗu da damatsa. Mai ita yakan kasa yin fito, wani ma idonsa ba ya rufuwa sosai in yana barci. Tushenta yana kuromosom na 4, inda wani yankin DNA ke maimaita kansa sau 11 zuwa 100 a jikin lafiyayye. In ya ragu zuwa 10 ko ƙasa, ƙwayar gado mai suna DUX4, wadda aikinta a farkon samuwar ɗan tayi yake, tana iya farkawa cikin tsoka. Furotin ɗinta kuwa kunna wasu ƙwayoyin gado yake yi, waɗanda ba su da hurumi a wurin.

Na ambaci binciken 2010 da ya gano DUX4 tana aiki a kusan cibiya ɗaya cikin dubu, sai wata ɗaliba ta ce, "Malam, ɗaya tak ta yaya za ta cinye tsoka?" Ban tsaya tunani ba na ce wataƙila awon ne bai yi daidai ba. Na ɗora wa masu bincike laifi don kada a ga Malam ya yi shiru.

Ashe amsar tana cikin abin da ni da kaina na sani. Zaren tsoka sel-sel ne da suka haɗe, cibiyoyi ɗaruruwa a ruwa guda, kamar gidan gandu mai tukunya ɗaya. Cibiyar da ta farka saƙon RNA take fitarwa, a cikin ruwan ake ƙera furotin. Shi kuma yana ɗauke da alamar da ke buɗe masa ƙofar cibiya, ba ruwansa da wacce ta aiko shi. Masana a Jami'ar Mons ta Beljiyam sun nuna haka a 2013: furotin ya fi yawa a cibiya ɗaya, yana raguwa a maƙwabtanta gwargwadon nisa.

Da muka sake haɗuwa na ce wa ajin, "Tambayarta daidai ce, amsata ce kuskure." Na zana zaren tsoka dogo, na cika shi da cibiyoyi, muka bi furotin daga wannan zuwa waccan.