Famfo Ɗaya, Jarkoki Da Yawa

Hausa ta bambanta "a lokaci guda" da "bi da bi", kuma wannan bambanci yana da nauyi a aikin kwamfuta. Wani matashi ɗan Zango a Wagadugu, wanda ke riƙe wa mahaifinsa lissafin kantin hatsi a Gounghin, kullum yana cin karo da shi.

Yara uku ne ke sayarwa a kantin, kowa da na'urarsa, amma manhajar da ke tattara cinikinsu tana magana da rumbun bayanai ta mahaɗa guda tak. Rumbun na MySQL ne, ƙa'idarsa kuwa ita ce: in an aika tambaya, sai an kwashe amsarta kaf kafin mahaɗar ta karɓi wata. In aka yi gaggawa, sai rumbun ya ƙi sauraro. Ciniki ya tsaya ke nan, bashin da bai shiga littafi ba kuwa shi ke raba maƙwabta.

Da mahaifin ya nemi bayani, sai yaron ya ce: "Baba, dubi famfon unguwa. Ruwan da ONEA ke turowa daga dam ɗin Ziga yana da yawa, amma bakin famfo ɗaya ne. Jarka ba ta shiga sai wata ta fita."

Masana sun daɗe suna neman dabara. A SQL Server 2005, kamfanin Microsoft ya fito da tsarin MARS, wanda ke barin tambayoyi da dama su zauna a buɗe kan mahaɗa ɗaya. Sai dai karɓa-karɓa ake yi, kamar mace ta janye jarkarta tun ba ta cika ba domin yaro ya tari buta. A 2021, PostgreSQL 14 ya ba da damar jera tambayoyi ba tare da jiran amsar kowace ba, amma rumbun yana bin su ne ɗaya bayan ɗaya. Duka biyun "bi da bi" ne. Taura biyu ba ta taunuwa.

Wanda ke son "a lokaci guda" na haƙiƙa, sai ya ƙara bakin famfo. Wannan ma da tsadarsa, domin kowace mahaɗa tana cin ƙwaƙwalwar na'ura. Shi ya sa MySQL ke zuwa da iyakar 151, PostgreSQL kuma 100, sai in an canza.

Matashin ya tanadi mahaɗa biyar a buɗe. Mai buƙata ya ara, ya gama, ya mayar. Mahaifin bai san sunan tsarin ba, amma ya gane sharaɗinsa, don da shi ake aron mudu a kasuwa: wanda ya riƙe bai mayar ba, shi ya tsayar da kowa.