Gidan Kiɗan Fela a Ikko, Inda Ake Kwana a Tsaye

Baƙon da ya sauka Ikko, ya ratsa unguwar Agidingbi ta Ikeja da daddare, zai tarar da wani makeken zaure mai rufin kwano, masu tsire da masu sayar da lemo sun yi dafifi a bakin ƙofarsa. Wannan shi ne New Afrika Shrine, gidan kiɗan da Femi da Yeni, 'ya'yan marigayi Fela Anikulapo Kuti, suka buɗe a shekarar 2000.

Asalin gidan ya faro ne tun farkon shekarun 1970, a otal ɗin Empire da ke wajen Mushin, inda Fela ke wasa da ƙungiyarsa ta Africa 70, Tony Allen yana riƙe da ganguna. Sai dare ya raba Fela yake hawa dandali, ba a kuma tashi sai gabanin asuba. Waƙa guda takan kai rabin sa'a ko fiye. Ganguna ne ke fara share fage, jita ta biyo baya, masu busa su shigo gaba ɗaya, kana shi ya buɗe baki, 'yan amshi su karɓa, jama'a kuma su ɗauka baki ɗaya. A wannan lokaci leburan tashar jirgin ruwa da ɗalibin jami'a da direban bas kafaɗa da kafaɗa suke, babu mai tambayar wani ƙabilarsa.

Abin da ya ƙara wa wurin daraja shi ne, a bisa al'adarsa Fela ba ya maimaita waƙar da ya riga ya sa a faifai. Saboda haka mai garmaho a gida tsohon labari yake saurare, sabon kuwa sai wanda ya je da ƙafarsa. Bugu da ƙari, tsakanin waƙa da waƙa yakan tsaya ya caccaki masu mulki da sunayensu, alhali kuwa zamanin soja ne.

Wannan bai tafi a banza ba. Ranar 18 ga Fabrairu 1977 sojoji suka ƙone gidansa da ake kira Kalakuta, mahaifiyarsa Funmilayo ta sami raunin da ya yi ajalinta a 1978. Duk da haka, da gidan kiɗan ya koma titin Pepple a Ikeja, masoya suka bi shi can, har Allah ya yi masa rasuwa ranar 2 ga Agusta 1997.

Tun daga 1998 ake bikin tunawa da shi kowane watan Oktoba, kuma a 2018 shugaban Faransa Emmanuel Macron ya ziyarci sabon zauren. Yawancin matasan da ke cika shi a yau ba su taɓa ganin Fela ido da ido ba, amma da an buga ganga sai su ɗauki amshi kamar yadda iyayensu suka yi a Mushin.