Minti takwas da daƙiƙa ashirin



Daren Talatar da ta wuce an ɗauke wuta a layinmu nan Sabon Ibadan, zafi ya kore mu daga ɗaki, muka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Muna cikin hira sai autana, wanda yake aji biyu a babbar sakandare, ya ce: "Baba, a ce da tsakar rana Allah ya ɗauke rana ɗungurungum, minti nawa za mu yi kafin mu sani?" Na ce masa ya nemi tsari, wannan wace irin magana ce da daddare. Ya yi dariya ya ce lissafi ne malaminsu ya ba su, kuma amsar ita ce minti takwas da daƙiƙa ashirin.

Ga yadda ya warware mini. Haske tafiya yake yi, kuma babu abin da ya kai shi sauri: kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin ka ce "ɗaya" ya kewaye duniya sau bakwai da rabi. Tsakaninmu da rana kuwa akwai kilomita kusan miliyan 150. In ka raba, za ka samu daƙiƙa 500. Ke nan hasken da yake dukan goshinka a kasuwa ya baro rana tun minti takwas da suka wuce. Na wata bai kai haka ba, daƙiƙa ɗaya ce da ɗan ɗoriya. Mun saba ganin walƙiya kafin mu ji tsawa, mun san sauti yana makara, amma ni dai ban taɓa kawowa a raina cewa shi ma hasken yana makara ba. Ashe tun kusan shekara dubu da ta wuce Ibnul Haisam ya rubuta cewa haske yana ɗaukar lokaci kafin ya iso, sai a 1676 wani masanin taurari ɗan ƙasar Denmak, Ole Rømer, ya tabbatar da haka ta hanyar bin wani wata da yake kewaya Mushtari.

Yaron yana ta zuba, ni kuwa hankalina ya riga ya tafi wani wuri.

Innata ta rasu da daminar 1999 a ƙauyenmu can ƙasar Katsina. Lokacin wayar salula ba ta zo ba, sai a 2001 ta shigo Najeriya, waɗanda suka yi zaman kudu a wancan zamani sun san yadda saƙo yake zuwa: ko wasiƙa, ko kaset, ko bakin direba. Ranar Lahadi aka yi mata sutura. Ni ban ji ba sai ranar Alhamis, da wani direban motar shanu ɗan garinmu ya nemo ni a kasuwa, ya ja ni gefe ya kama hannuna. A cikin waɗannan kwana huɗun na ci abinci na ƙoshi, na yi faɗa da wani a kan canji, na kalli ƙwallo. Ranar Laraba ma na shiga Dugbe na saya mata turmin atamfa shuɗiya, har ina ciniki ina gaya wa mai shagon cewa tsohuwata ba ta son mai ja. Tana kabari kwana uku ke nan, ni kuma ina zaɓar mata kala. Shekaru na yi ina jin nauyin wannan abu kamar wani laifi na aikata. Sai a kan tabarmar nan na ga cewa ba abin da zan iya yi a kai: labarin yana hanya ne, bai iso ba, kuma duk abin da bai iso maka ba ba ka da hanyar saninsa, ko da rana ce ta ɓace.

Da yake babu wuta, taurari sun fito sosai a daren, abin da ba kasafai ake samu a Ibadan ba. Yaron ya ce duk abin da muke kallo a sama tsohon labari ne. Tauraron da ya fi kusa da mu bayan rana, haskensa shekara huɗu da 'yan watanni yake yi a hanya. Shi'ira, wadda aka ambata a Suratun Najmi, shekara takwas da rabi. Kaza da 'ya'yanta, da Inna take nuna mana muna yara, haskensu ya haura shekara 400 yana tafe, wato ya taso tun kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da shekaru masu yawa.

Na ce to, bayan minti takwas ɗin fa? Ya ce duhu zai rufe ko'ina lokaci guda, wata ma zai dushe tunda aron haske yake yi. Duniya za ta daina kewayawa ta miƙe sambal cikin sarari, tana gudun kilomita kusan 30 a daƙiƙa. Tsirrai za su daina haɗa abincinsu nan take, ciyawa da gero da masara su mutu cikin 'yan makonni, dabbobi su bi su. Sanyi zai riƙa ƙaruwa har saman teku ya daskare. Abin da zai daɗe shi ne wasu ƙananan halittu na can ƙarƙashin teku, da suke rayuwa a bakin maɓuɓɓugar ruwan zafi ba ruwansu da rana, waɗanda aka gano a 1977. Ni abin da ya faɗo mini ma daban ne: da me za mu gane azahar da la'asar, tunda da inuwa ake auna su? Yaushe mai azumi zai sha ruwa?

Ba sai rana ta ɓace gaba ɗaya ba ma. A 1815 dutsen Tambora ya yi aman wuta a Indunusiya, tokarsa da hayaƙinsa suka rage hasken rana kaɗan kawai, shekarar da ta biyo baya amfanin gona ya lalace a Turai da Arewacin Amurka, aka yi yunwa. Ni kaina na ɗan ɗanɗana. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006 na je Shaki sayen doya, aka yi husufin rana da hantsi. Duhu ya sauko kamar magariba, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, mata suka bar kayansu suna salati, Yarbawa da Hausawa kowa ya nufi masallaci. Bai kai minti biyar ba rana ta dawo, amma na ga dattawa suna hawaye.

Masana sun ce a lissafinsu rana tana da makamashin da zai kai ta shekara wajen biliyan biyar nan gaba. Wannan lissafinsu ne, ranar tashin Alƙiyama kuwa Allah kaɗai ya bar wa kansa saninta, kuma haka na gaya wa yaron.

Da na ba shi labarin atamfar sai ya yi shiru, can ya ce: "Baba, ina take yanzu?" Na ce tana ƙasan akwatin ƙarfen da yake ɗakin mamarsa, ko warware ta ba a taɓa yi ba. Ya ce yana so ya gani. Muka kunna fitilar waya muka shiga, muka ɗaga kayan da suke kai. Tana nan da takardar kamfani a manne, sai dai wajen ninkin ya ɗan koɗe.

Don Allah wanda ya karanta ya sa Inna a addu'a, da sauran iyayenmu da suka rigaye mu.