Majigin Babanmu Mai Ido Uku

A dogon hutun da ya wuce ne yayana ya ce zai sayar wa 'yan gwangwan majigin babanmu. Ya ce ga shi shekara goma ke nan tun rasuwar Baba yana rataye a silin ɗin falo, ba ya tsinana wa kowa komai, kuma yana tsoron kada wata rana ya rikito a kan yara. Maganarsa gaskiya ce, ba ni kuwa da bakin musu. Amma da daddare sai Inna ta kira ni ɗakinta ta ce, "Auta, kaset ɗin nan na dawowar mahaifinku daga Makka, ashe ba zan ƙara ganinsa a bango ba? Idona ba ya ganin 'yan hotunan nan naku na waya." Da gari ya waye na roƙi Yaya ya ba ni mako biyu. Ya ce ya ba ni, amma ran da suka cika za a zo da sikeli.

Kafin in ci gaba, ya kamata in bayyana wa mai karatu irin majigin da nake nufi. Wanda kakanninmu suka sani shi ne na zamanin En'e, wanda ake kawowa a mota a kafa a ƙofar fada, a nuna wa jama'a fim irin su Baban Larai. Wancan da fitila yake aiki, haskenta ya ratsa zaren fim ya faɗa kan farin ƙyalle. Namu kuwa ba shi da fitila ko ɗaya. Kwalabe uku ne a cikinsa irin na tsohuwar talabijin mai ƙeya, ɗaya ja, ɗaya kore, ɗaya shuɗi, kowace da gilashinta a gaba kamar ido. Kowace kwalba tana zana hotonta, sai ukun su haɗu a bango su zama hoto guda. Tun farkon shekarun 1970 kamfanin Advent na Amurka ya fara sayar da irinsa don gidaje, daga baya Sony na Japan da Barco na Beljiyam da Electrohome na Kanada suka shahara da ƙera shi, har zuwa shekarun 2000 da ƙananan majigi marasa nauyi suka ture shi. A lokacin ne Baba ya sayi namu gwanjo a kasuwar Sabon Gari ta Kano.

Mu huɗu muka sauko da shi, domin ya fi buhun siminti nauyi. Ni da nake karatun Hausa ban san komai ba game da lantarki, saboda haka na tafi wurin wani dattijo mai gyaran talabijin a unguwarmu, wanda yanzu aiki ya ja baya gare shi. Da ya buɗe murfin sai ga ƙura da gidan zanzaro. Na kai hannu zan share, ya buge mini shi ya ce, "Kul, yaro! Wutar da ke shiga kwalaben nan ta kai bolt dubu talatin, kuma ko an kashe takan yi saura a ciki." Daga ranar ban ƙara taɓa cikinsa ba sai da izininsa.

Da muka kakkaɓe shi muka kunna, fankokinsa suka tashi, idanun uku suka kawo haske. Murna ta kama ni, amma da na dubi bango sai na ga rubutu kai a ƙasa. Dattijon ya yi dariya ya ce ai a kife yake rataye da, yanzu kuwa yana zaune bisa tebur, dole a juya wayoyin da ke jan haske a wuyan kowace kwalba. Ya kashe, ya jira, ya juya su, rubutu ya miƙe. Bayan haka sai maganar nisa. Irin wannan majigi ba a ƙara masa girman hoto da murza gilashi, nisansa da bango shi ne ke yanke girman, watau kusan faɗin hoton sau ɗaya da rabi. Muka auna da igiya, muka daidaita shi da tsakiyar bango, muka shata ƙafafun tebur da alli.

To, a nan ne aikin ya fara. Abin da ke bango hoto uku ne, kowane ya kama gabansa, ja a hagu, shuɗi a dama, kore a tsakiya. Ashe ɗan batirin da ke riƙe masa saitin da Baba ya yi ya mutu tun tuni, ya manta komai. Aka sake masa wani. Majigin yana da wani zane kamar raga da yake haskawa don gyara, ana matsar da layukan da rimot har su hau kan juna. Na nemi sunan wannan aiki da Hausa, na ga babu abin da ya dace da shi kamar a ce haɗa kan launuka. Dattijon ya ce in jira shi sai jibi, zai je sunan jikarsa. Ni kuwa da na ƙirga kwanakin da suka rage mini, sai na kasa haƙuri. Da dare na kunna, nan take na kama ja ina turawa, in koma shuɗi, in dawo kore, har ƙarfe biyu. Na kwanta ina ganin na gama. Kashegari na kira Inna, na kunna, kafin a yi rabin sa'a layukan sun rabu, kowane harafi da inuwa ja da shuɗiya a gefensa. Inna ta tashi ba ta ce komai ba. Yaya ya leƙo ya ce, "Saura kwana shida."

Da dattijon ya dawo ya ji abin da na yi, sai ya ce, "Ɗana, gaggawa aikin Shaiɗan ce. Kuskurenka biyu." Na farko, ba a gyara shi da sanyi, sai an bar shi ya yi kamar minti talatin a kunne, domin layukan suna motsi kafin ya ɗumama. Na biyu, ba a tura launi uku gaba ɗaya. Kore ne a tsakiya, shi ne liman. A rufe ja da shuɗi, a murza gilashin kore har tsakiya da kusurwoyi su fito tangaran, a miƙe layukansa su yi daidai da bango. In an gama ba a sake taɓa shi. Sa'an nan a karkato idon ja da hannu har tsakiyarsa ta hau ta kore, a ƙarasa gefuna da rimot, shuɗi ma haka, a ƙarshe a ajiye saitin. Dare uku muka yi a kai, sau biyu ana ɗauke wuta kafin mu ajiye, mu koma farko.

Abu biyu ne suka gagare mu. Tsakanin fuskar kowace kwalba da gilashinta akwai wani ruwa mai kauri da ke sanyaya ta, na shuɗin ya yi funfuna, ba mu kuwa sami sabo ba, don haka farin hoton ya ɗan ja zuwa rawaya. Na biyu, da na leƙa idon koren sai na ga wani ɗan tabo mai kusurwa huɗu daga sama. Dattijon ya ce hoton da ya daɗe a wuri ɗaya yakan ƙone fuskar kwalba, ba shi da magani. A nan ne ake rubuta sakamakon ƙwallo. Na tuna yadda Baba yake tara samarin unguwa kallo ranar Asabar, sai na ji ko da magani ba na so a goge.

Ran da ya rage kwana ɗaya, bayan sallar isha'i, muka rufe tagogi muka kashe fitila, domin haskensa ba shi da ƙarfi, duhu yake so. Na sa kaset. Sai ga Baba ya fito daga mota da farar jallabiya, tsawonsa a bango kamar yadda yake a raye, yana dariya yana miƙa wa mutane hannu. Inna ta daɗe tana kallo, can ta ce, "Allah ya jiƙan Malam. Ku dubi yadda ya rame a tafiyar nan." Yaya yana tsaye a bakin ƙofa har kaset ya ƙare. Da safe ya kira kafinta ya ce a yi wa majigin tebur mai ƙarfi.

'Yan'uwana ɗalibai, ba ina cewa tsohon majigi ya fi na yanzu ba ne, na yanzu ya fi haske da sauƙi. Abin da nake jin tsoro shi ne, gidajenmu cike suke da kaset-kaset na muryoyi da fuskokin iyayenmu, na'urorin da ke buɗe su suna tafiya kan sikeli, dattawan da suka san gyaransu kuma suna ƙarewa. Wanda ke da irin wannan a gida, ya nemi mai gyara tun yana nan, ya kuma kwafe kaset ɗin a kwamfuta, kamar yadda na yi kafin in dawo makaranta. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in ba a zubar da ita ba.