Kifin da Ake Mayarwa Ruwa

A arewa maso yammacin Amurka akwai wani babban kogi da ake kira Kolumbiya. Ya taso daga duwatsun Kanada, ya yi tafiyar kusan kilomita 2,000 kafin ya faɗa Tekun Pasifik, tsakanin jihar Oregon da ta Washington. A watan Yuni da Yuli, sa'ad da zafi ya kama a can, ƙanƙarar kan duwatsu kuma tana narkewa, wani kifi yakan baro teku ya shigo kogin yana hawa. Daga dangin salmon yake, shi ne kuwa mafi girma a cikinsu. Ana ce da shi cinuk, sunan wata kabila da ke zaune a bakin kogin tun da. Akwai cinuk da ke riga shi shigowa, akwai kuma na kaka, amma wannan na tsakiyar zafi shi ake kira na bazara. Masuncin da ya fita nemansa da ƙugiya a yau, sau da yawa yakan sha wahala ya kama shi, ya dube shi, sa'an nan ya sake shi ya tafi. Wanda bai san tarihin kogin ba zai ce wauta ce.

A ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe cinuk, cikin tsakuwar ƙananan koguna masu sanyi. In ya ɗan tasa sai ya bi ruwa ya gangara teku, ya yi shekara biyu, ko uku, ko huɗu yana kiwo, har yakan kai gaɓar Alaska. Sa'ad da ya ƙosa sai ya juyo. Yakan gane kogin da ya fito ta wurin ƙanshin ruwansa, ya wuce bakin rafuka da yawa bai shiga ba, sai nasa. Daga ranar da ya shiga kogi ya daina cin abinci ke nan. Kitsen da ya tara a teku shi ne guzurinsa. Na bazara yakan shigo a Yuni, amma ba ya yin ƙwai sai wajen Oktoba, wato wata huɗu yana tafiya da jira da ciki wofi. Macen takan haƙa rami cikin tsakuwa da wutsiyarta, ta zuba ƙwai dubbai, namijin ya barbare su, ta rufe. Bayan 'yan kwanaki dukansu biyu su mutu. Gawarsu ta zama abincin tsuntsaye da namomin jeji da ƙwarin ruwa, ƙwarin nan kuma su ne 'ya'yan za su ci. Sau ɗaya tak cinuk yake haihuwa. Duk wanda aka ci a hanya, an ci shi tare da zuriyarsa.

A zamanin da, wannan bai dami kowa ba, gama kifin ya yi yawa. Masana sun ƙiyasta salmon miliyan 10 zuwa 16 suke shiga Kolumbiya kowace shekara kafin zuwan Turawa. Na bazara su ne manya, wasu sukan haura kilo 30, kamar giwan ruwa sosai. Saboda ƙibarsu Turawa suka yi musu laƙabi da aladun Yuni. A wani wuri da ake kira Selailo, inda kogin yake faɗowa daga kan duwatsu, 'yan asalin ƙasar sun yi shekaru dubbai suna su. Sukan kafa dandamalin katako a bisa kumfar ruwa, mutum ya ɗaura igiya a ƙugu, ya zura koma mai doguwar sanda yana kwasar kifin da ke ƙoƙarin tsallakewa. Mata su fede, su shanya, su daka, a yi ciniki da baƙi daga nesa. Duk da yalwar nan suna da sarkin ruwa, shi ke cewa a fara, shi ke cewa a tsaya. Ba a su da dare. Ba a kuma soma ci sai an yi bikin godiya a kan kifin fari. Sun san akwai mutane a can sama da su ma suke jira, akwai kuma tsakuwar da dole kifi ya isa.

A 1866 aka kafa masana'antar sa kifi a gwangwani ta farko a bakin kogin. Cinuk na bazara aka fi so, domin kitsensa. A 1883 kaɗai an kama cinuk fiye da tan 19,000, da taru, da tarkuna, da wasu manyan ƙafafun katako da ruwa yake juyawa suna kwasar kifi dare da rana. Ba a sake samun shekara irin wannan ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu magana.

Sai kuma madatsun ruwa suka zo. An gama ta Bonneville a 1938, aka yi mata matakala ta ruwa domin kifi ya hau. Ta Grand Coulee, wadda aka gama a 1942, tsayinta mita 168 ne, ba a yi mata matakala ba. Ta ba da wutar lantarki mai yawa, ta shayar da gonaki a busasshiyar ƙasa, mutane da yawa sun ci albarkacinta. Amma ta datse hanyar fiye da kilomita 1,700 na kogunan da kifi yake yin ƙwai, har cikin Kanada. Manyan na bazara suka yi ta zuwa gindin bangon suna neman hanya, 'yan shekaru kaɗan zuriyarsu ta can sama ta ƙare. A Yuni 1940 kabilun yankin suka taru a Kettle Falls, wani tsohon wurin sunsu, suka yi kwana uku suna makoki kafin ruwa ya rufe shi. Selailo ma ruwan madatsar The Dalles ya haɗiye shi ran 10 ga Maris 1957, cikin 'yan sa'o'i.

Da kifin ya ragu ƙwarai, sai hukuma ta hana masu ƙugiya kama na bazara a ƙasan kogin. Kusan shekara 30 aka yi haka, sai a 2002 aka sake buɗewa. Akwai yaran da suka girma a bakin ruwan, suka yi aure, suka haifu, ba su taɓa kai wannan kifi gida ba. Kabilu huɗu, wato Yakama, da Umatilla, da Warm Springs, da Nez Perce, suna da yarjejeniya da gwamnati tun 1855 wadda ta bar musu haƙƙin su a wurarensu na gado, kotuna kuma suka tabbatar da shi a 1969 da 1974. Yanzu su da jihohin suke zama a raba abin da za a kama. A Bonneville akwai tagar gilashi a jikin matakalar, ana ƙidaya kifin da ya wuce ɗaya ɗaya. In lissafi ya nuna kaɗan ne za su zo, ba a buɗe kamun ba, kamar yadda ya faru a 2019.

A shekarar da aka buɗe, masunci yakan tashi tun da asuba. Ya kai jirginsa inda ya san kifi yake bi, ya jefa anka, jirage su jeru kafaɗa da kafaɗa. Tun da kifin ba ya cin abinci, ba a ruɗinsa da tana. Akan sa wani abu mai ƙyalli wanda yake rawa cikin igiyar ruwa, a ɗaura masa yankin sadin da zare domin ƙanshi, a sa darma ta riƙe shi kusa da ƙasa. Masunta sun ce haushi ne yake sa kifin ya kai masa cizo. Daga nan sai jira. Mutum yakan yini, wani lokaci kwana uku, sandarsa ba ta motsa ba. Sa'ad da ta lanƙwashe kuwa, sai ya saki igiyar anka, ya bar jirgin ya bi kifin, gama in ya ja da ƙarfi zaren zai tsinke. Kifin ya nutse, ya ja, ya dawo, har ya gaji ya kwanta a gefen jirgi.

A nan ne idon masuncin yake zuwa wuri ɗaya. A bayan kifin, kusa da wutsiya, akwai wani ɗan ƙaramin fiffike na tsoka. Yawancin kifin da aka ƙyanƙyashe a gidajen renon kifi akan yanke musu shi tun suna ƙanana. Idan babu fiffiken, na reno ne, ya halatta a kai gida. Idan yana nan, ana ɗaukarsa haifaffen kogi ne, a yawancin shekaru kuma doka ta ce mai ƙugiya ya sake shi. Don haka ake amfani da ƙugiya marar ƙaya, mai saurin fita. Masuncin kirki ba ya ɗaga shi daga ruwa. Yakan cire ƙugiyar, ya riƙe shi yana fuskantar igiyar ruwa har ƙarfinsa ya komo, sa'an nan ya buɗe hannu. In ruwan ya yi ɗumi, ko aka wahalar da kifin da yawa, yakan mutu daga baya, saboda haka gaggawa da taushin hannu suna cikin aikin.

Ba abu mai sauƙi ba ne. Mutumin ya sayi mai, ya biya kuɗin takardar izini, ya bar aikinsa. Iyalinsa suna jiran nama mai ja wanda babu kamarsa a kasuwa. Kogin yana da faɗi, ma'aikacin hukuma kuma ba ya kowane lungu. Wuƙa tana kusa, ɗan fiffiken nan bai fi kan yatsa ba. Abin da zai yi a wannan minti, tsakaninsa da Allah ne, da kuma jikokin da bai gani ba tukuna.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki ba zai ga wannan doka baƙuwa ba. A Maimaitawar Shari'a sura 22 an umarci Isra'ilawa cewa wanda ya tarar da sheƙar tsuntsu, yana iya ɗaukar 'ya'yan, amma ya bar uwar ta tafi, aka kuma haɗa wannan ƙaramin umarni da alkawarin tsawon rai. Ubangiji bai hana mutum ci ba. Shi ya cika ruwa da kifi, almajiran Yesu na fari ma masunta ne. Iyaka ya sa wa hannu, domin a ci amfanin a bar tushen. Manomi ya san wannan tun ba a karanta masa ba. Ko yunwa ta yi tsanani a tsakiyar bazara, damin iri yana rataye a rumbu, ba ya taɓa shi. Mutanen Kolumbiya sun ci irinsu shekaru da yawa, da taru da kankare, kowa yana cewa nasa kaɗan ne, jikokinsu suka biya bashin.

Kifin da aka saka yana da sauran tafiya. Idan na kogin Okanogan ne, sai ya hau matakalar madatsu tara kafin ya ga tsakuwar da ya fito. Waɗansu ba sa kaiwa, waɗansu kuwa sukan kai. A 2019 kabilun Colville suka ɗauki cinuk na bazara a mota suka zuba su a bayan Grand Coulee, har da Kettle Falls inda kakanninsu suka yi makoki. A 2020 suka zuba waɗansu a kogin Sanpoil. Da Oktoba ta zo aka tarar da ramukan ƙwai a tsakuwarsa, a wurin da aka yi shekara 80 ba a ga ko ɗaya ba.