Ziyara A Mancesta: Rigimar Gidaje Da Hurumin Gari

A watan Yuni na 2025 Allah ya nufe ni da kai ziyarar kwana goma birnin Mancesta, a arewa maso yammacin Ingila. Samarinmu ba su san garin nan da kome ba sai ƙwallon ƙafa, amma dattawa sun san shi da wani abu dabam, watau auduga. A nan ne aka kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Ingila a 1902, wadda ta girka injunan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau. Audugar manomanmu kan tsallaka teku zuwa masaƙun wannan yanki, sa'an nan ta komo mana akoko da atamfa. Yau masaƙun sun yi shiru. Waɗansu an mai da su gidajen kwana, waɗansu kuwa suna nan tsaye da jan tubali da dogayen bututan hayaƙi, tantabaru na sheƙa a ciki.

Abin da baƙo zai fara gani a tsakiyar birnin shi ne gine-gine. A unguwar Deansgate akwai benaye na gilashi, wani ya haura hawa 60, kuma duk inda mutum ya ɗaga kai sai ya ga injin ɗaga kaya yana juyawa a sama. Na ce a raina, lalle mutanen nan sun gama da matsalar muhalli. Mai masaukina ne ya warware mini wannan zato. Bakano ne, ma'aikacin jinya, yana zaune a unguwar Cheetham Hill shi da iyalinsa da 'ya'ya uku cikin gida mai ɗakin kwana biyu. Ya shaida mini cewa haya na cinye kusan rabin albashinsa, kuma waɗancan benaye da na gani ba irinsa aka gina wa ba. Ya ce in ina son in ga inda ake fafatawa a kan gidaje, to, in bar tsakiyar gari in nufi gefensa.

Kafin in kai mai karatu can, ya kamata in yi bayanin abu guda. Turawan Ingila suna da wani tsari da suke kira Koriyar Ɗamara, watau fili na gonaki da makiyaya da kurmi da aka zagaye manyan birane da shi, aka hana gini a ciki sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Mu a Hausa hurumi za mu ce. Gwamnati ta umarci hukumomin garuruwa su riƙa keɓe irin wannan fili tun 1955, na yankin Mancesta kuwa an shata iyakarsa a 1984, kuma ya kai kusan rabin ƙasar yankin. Ganuwar Kano da ta Zazzau an gina su don a hana abokan gaba shigowa. Ita wannan ganuwa ta ciyawa an yi ta ne don a hana gari fita, kada ya haɗiye ƙauyukan da ke kewaye da shi.

Yankin Babbar Mancesta ya ƙunshi ƙananan hukumomi goma, da mutane wajen miliyan 2.8, kuma tun 2011 suna da haɗaɗɗiyar majalisa guda. A watan Oktoba na 2016 majalisar ta fito da daftarin shirin gina gidaje 227,000 kafin 2035, da ma'aikatu da rumbunan ajiya. Dalilinta a fili yake: jama'a na ƙaruwa, haya na tashi, kuma kangayen da ke cikin gari ba za su ɗauki dukan abin da ake bukata ba. Saboda haka sai an yanki wani sashe na hurumin. Nan fa ƙura ta tashi. Fiye da mutum 27,000 suka aika da ra'ayoyinsu a rubuce, aka kakkafa ƙungiyoyin kare hurumi unguwa unguwa, aka yi ta jerin gwano. Andy Burnham, wanda aka zaɓa Magajin Garin yankin na farko a 2017, ya yi alkawarin sake rubuta shirin tun daga tushe. Da aka fito da sabon daftari a 2019, gidajen sun koma 201,000, filin da za a yanka kuma ya ragu da kimanin rabi. Duk da haka hankali bai kwanta ba. A watan Disamba na 2020 kansilolin Stockport suka ƙi amincewa, hukumarsu ta fice. Sauran tara suka ci gaba, suka sa wa shirin sabon suna mai ma'anar wuri domin kowa. Sufetocin Gwamnati suka zauna sauraron jama'a daga ƙarshen 2022 zuwa tsakiyar 2023, kana aka zartar da shirin ranar 21 ga Maris, 2024, da gidaje kimanin 175,000 zuwa 2039.

Ranar Asabar na hau jirgin lantarki na cikin gari, wanda suke kira Metrolink, daga tashar Victoria na nufi Bury, tafiyar da ba ta cika rabin sa'a ba. Bury gari ne mai babbar kasuwa, kuma mahaifar Robert Peel, wanda ya kafa 'yan sandan Landan a 1829. Tsakaninsa da garin Radcliffe akwai tafkin Elton, wanda aka tare tun ƙarni na 19 don ya riƙa ba da ruwa ga hanyar jiragen dakon gawayi da auduga. A filin da ke kewaye da wannan tafki ne aka shirya gina gidaje kimanin 3,500.

Wurin ba wani dajin ban tsoro ba ne. Gonakin ciyawa ne da shingayen itatuwa, da dawaki suna kiwo, da turakun lantarki sun ratsa ta tsakiya. Ƙananan kwale-kwale masu filafilai suna yawo a kan ruwa, masu kallon tsuntsaye sun kafa madubin hangen nesa, iyaye na tura 'ya'yansu a keke. Da yake bazararsu ce, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara da rabi na dare, mutane kuwa ba su watse ba sai da duhu ya fara. A nan na gane cewa abin da masu taswira ke gani fili ne marar kowa, su mutanen wurin shi ne farfajiyarsu.

Na zauna da wani dattijo da ya fito yawo da karensa, wanda ya ce mahaifiyarsa ta yi aiki a masaƙa. Na tambaye shi ko ba ya son matasa su sami gida. Sai ya murmusa, ya ce jikarsa ma tana nema. Kokensa uku ne, kuma su ne na yi ta ji daga bakin waɗansu. Na farko, hanyoyin sun riga sun cushe, ganin likita sai an yi dogon jira, makarantu sun cika, alhali kuwa alkawarin sabuwar hanya da makarantu da tashar jirgi duk a takarda yake, kuma sun saba ganin gidaje sun riga kayan more rayuwa isowa. Na biyu, me ya sa ba za a fara da tsofaffin masaƙu da kangaye ba? Amsar, in ji shi, kowa ya sani: share ƙasar da masana'anta ta gurɓata yana da tsada, gini a kan ɗanyar gona kuwa riba ce tsantsa. Na uku, kuma wanda ya fi ci masa rai, gidajen da kamfanoni ke son ginawa a irin wannan wuri manya ne masu ɗaki huɗu, waɗanda jikarsa ba za ta iya saye ba. Doka ta ba hukuma ikon tilasta wa kamfani ya ware wani kaso na gidaje masu rahusa, ya kuma ba da gudummawar hanya da makaranta, amma kamfani na iya kawo lissafi ya nuna aikin ba zai biya ba, sai a rage masa.

A kudu maso yamma kuwa, a Carrington, inda ƙungiyar Manchester United ke da filin atisaye, damuwar ta ruwa ce. An tsara gidaje kimanin 5,000 a can, wani sashe a tsohon filin masana'antar sinadaran man fetur, wani kuma a kan fadama mai baƙar ƙasa wadda ke tsotse ruwan sama kamar soso. Masu adawa suna cewa in aka danne ta da kankare, ruwan sai ya nemi wani wuri, kuma gidajen mutane zai nufa.

To, amma adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Dubban iyalai a wannan yanki suna zaune a masaukin wucin gadi da hukuma ta kama musu, waɗansu dubbai kuma sunayensu na cikin jerin masu jiran gidan hukuma shekara da shekaru. A Rochdale, cikin Disamba na 2020, wani yaro ɗan shekara biyu, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu sakamakon funfunar da ta mamaye ɗakin da suke haya, har aka kafa doka da sunansa a 2023. Irin waɗannan mutane ba su da lokacin zuwa taron majalisa, ba su da kuɗin ɗaukar lauya, muryarsu ba ta kai ta masu gidan kansu ba. Shekaru kusan takwas da aka kwashe ana ja-in-ja, su ne suka biya kuɗinsu. Ficewa ma ba ta zama mafita ba. Gwamnatin Leba da ta hau mulki a 2024 ta ɗauki alkawarin gidaje miliyan 1.5 a Ingila cikin shekara biyar, ta mai da adadin kowace hukuma wajibi, Stockport kuwa sai aka ƙara mata kaya fiye da na da. Oldham ta nemi izinin ficewa a 2025, Gwamnati ta ƙi.

Abin da na taho da shi shi ne, rigimar ba tsakanin masu son gida da masu ƙin gida take ba. Tambayoyi uku ne: a ina za a gina, domin wa, kuma me zai riga wani zuwa? Da hukuma ta fara da kangaye, ta sa hanya da asibiti a gaba, ta tabbatar da rabon talaka tun farko, da rabin masu jerin gwanon ba su fito ba.

Da jirginmu ya doso Kano ina leƙen ƙasa ta taga, sai na tuna da kududdufan birni da aka cike aka yi gini a kansu, da gonakin bayan gari da aka yanka fuloti ba magudana ba makaranta, da yadda ruwa kan shiga ɗakunan mutane kowace damina. Mutanen Bury ba su sami duk abin da suka nema ba, amma an buga taswira sun gani, an tambaye su, an kuma rage wani abu saboda maganarsu. Mu kuwa sau da yawa manomi ba ya sanin gonarsa ta shiga shiri sai ya wayi gari ya ga an kafa turaku. Gari dai ba ya daina girma, kuma kowa na bukatar inda zai sa haƙarƙarinsa. Amma tun ran gini, ran zane. Allah ya ba shugabanninmu ikon tambaya kafin su auna.