Amshi Da Yatsu Goma

Hausawa kan ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Wannan magana haka take a dandali, amma akwai wata sana'ar kiɗa da na koya wadda ta juya zancen, domin a cikinta makaɗi shi ne mai bi, wanda yake bi ɗin kuwa mai wa'azi ne. Ina nufin kiɗan ogan da ake yi a bayan fasto sa'ad da yake wa'azi a majami'un baƙaƙen fatar Amurka. Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla ba su taɓa shiga coci ba, balle cocin Amurka, saboda haka zan ɗan warware yadda abin yake kafin in zo ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni dai a coci na tashi, irin wanda Turawan mishan suka kafa a nan Arewa. Tun ina ɗan shekara 12 nake danna ƙaramin kibod ɗinmu, ina raka jama'a da waƙoƙin Littafin Waƙoƙi, muna koyon kowace murya da do, re, mi. A wurinmu kiɗa yana da lokacinsa, wa'azi yana da nasa. Da zarar fasto ya buɗe Littafi Mai Tsarki, sai makaɗi ya kashe kibod ya koma kan benci kamar kowa. Da wannan tarbiyya na tafi ƙaro ilmi birnin Shikago, inda na faɗa wani cocin Baftis na unguwannin kudancin birnin, na tarar makaɗi ba ya barin kujerarsa har a tashi sujada.

Ashe a wannan birni ma abin ya yi tushe. A Shikago ne wani mai ƙere-ƙere, Laurens Hammond, ya fito da ogan mai aiki da lantarki a shekarar 1935, don majami'un da ba su da kuɗin sayen babban ogan mai bututu. A 1939 wani makaɗi, Kenneth Morris, ya shigar da shi wani cocin baƙaƙe mai suna First Church of Deliverance, daga nan sauran majami'u suka ɗauka. Bayan haka aka haɗa shi da wata lasifika da ake kira Leslie, wadda ke da ƙaho mai juyawa a cikinta, juyawar nan kuwa ita ke sa sautin ya riƙa karkarwa kamar muryar mutum. Samfurin da ya fi shahara, watau B-3, ya fito a 1954. Yana da jerin haƙora biyu na hannu, kowanne haƙori 61, da wasu 25 da ake takawa da ƙafar hagu, sa'an nan ƙafar dama tana kan wani mataki mai ƙara sauti ko rage shi.

Shi kuwa salon wa'azin ya girmi ogan ɗin nesa ba kusa ba. Baƙaƙen da suka yi ƙaura daga jihohin kudu zuwa biranen arewa su suka zo da shi, kuma masana da yawa suna danganta kira da amshin da ke cikinsa da gadon Afirka ta Yamma. Wanda duk ya saurari faya-fayen Fasto C. L. Franklin na birnin Ditiroyit, mahaifin mawaƙiya Aretha Franklin, ya ji gwanin wannan salo. Mai wa'azi yakan fara a natse, ya karanta aya, ya yi bayani kamar malami a aji. Sannu a hankali jimlolinsa su gajarta, numfashinsa ya riƙa faɗawa a ƙarshen kowace gaɓa, jama'a suna amsawa da amin. Can sai ka ji muryar ta bar magana ta zauna a kan sauti guda, ba waƙa sosai ba, ba kuma zance ba. To, a nan aikin makaɗi yake farawa.

Abu na farko shi ne neman matakin da muryar ta zauna a kai, wanda makaɗa ke kira ki. Guda 12 ne, kuma mai wa'azi ba zai waiwayo ya gaya maka nasa ba, shi kansa bai sani ba. Sai ka rage sauti har ya kusa mutuwa, ka taɓa haƙori ɗaya, in bai dace ba ka matsa na kusa da shi, har ka ji sautinka ya narke cikin muryarsa. Sau da yawa a kan baƙaƙen haƙora ake samunsa, shi ya sa wanda ya saba da farare kaɗai yakan sha wuya. In ka samu, sai ka jira gaɓar numfashi. Ya faɗi jimla, ya ja numfashi, kai kuma ka cike gurbin da dunƙulen sauti guda, ka ɗauke hannu kafin ya sake buɗe baki. Yana hawa kana hawa, ƙafar hagu tana tafiya do, mi, fa, fi, so. A kan so ɗin nan ake tsayawa, domin sauti ne mai sa kunne jiran a koma gida, kuma ba ka komawa do sai shi mai maganar ya sauke kayansa. In ya ɗaga murya da rabin mataki ka bi shi nan take. In abin ya kai ƙololuwa, ka tura makunnin Leslie ƙahon ya juya da sauri. Duk wanda ya taɓa kallon 'yan amshin Shata, ko ya ji yadda kalangu ke maimaita kirari, zai gane dangantakar.

Wata tsohuwa ce ta koya mini, wadda ta shekara fiye da 40 a kan wannan kujera. Ina ce mata Mama, tana ce mini ɗana. Wata uku na fara yi a gefenta ba ta bar ni na taɓa komai lokacin wa'azi ba, aikina kawai in raɗa mata matakin da nake jin fasto ya sauka. Dokokinta uku ne. Kada ka yi magana babba yana magana. Kada ka riga shi zuwa inda bai kai ba. Na ukun kuwa, wanda ta fi nanatawa, shi ne kada ka amsa abin da ba ka ji an faɗa ba. A lokacin na ɗauka wannan ta uku maganar kunne ce kawai.

Na ga amfanin wannan sana'a ranar jana'izar wani saurayi da aka harbe a unguwar. Faston ya san yaron tun yana goye. Yana cikin magana a kan Zabura ta 23 sai muryarsa ta karye, ya kama katakon gabansa ya kasa ci gaba. Majami'a ta yi tsit, uwar yaron tana shessheƙa. Mama ta ɗora yatsu uku a kan sautin da muryarsa ta tsaya, ta riƙe shi ƙasa-ƙasa, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, kamar mai riƙe wa mutum kaya ya gyara gammo. Ya fi minti guda a haka. Da ya dawo hayyacinsa sai ya tarar da muryarsa tana jiransa a inda ya bar ta, ya ɗauka ya ƙarasa. Ranar na gane cewa kiɗan nan taimako ne ga mai gaskiyar da nauyin magana ya danne.

Amma wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka yatsa. Da na dawo gida na tarar salon ya riga ni isowa ta talabijin da intanet, musamman a sababbin majami'u. Sai dai an ɗauko kiɗan an bar dokokin. Yaro yakan fara danna sauti mai taushi tun kafin fasto ya ce uffan, ya yi ta yi har a tashi, ko ana faɗin abin kirki ko ba a faɗi. Wata rana aka gayyace ni kiɗa a wani taron farkawa. Kafin a fara, baƙon mai wa'azin ya ja ni gefe ya ce in ya zo maganar baiko in danna da ƙarfi, kada in sassauta sai ya ba ni hannu. Ya hau ya yi kusan awa guda bai warware aya ko ɗaya ba. Daga nan ya shiga yi wa mutane alkawarin aiki da aure da biza, kowanne da farashinsa. Muryarsa ta zauna daram a kan mataki, gaɓoɓin numfashinsa a buɗe, irin wanda makaɗi ke mafarkin samu. Ina kallon wata mai tuyan ƙosai da na sani tana kwance haɓar zanenta.

Sai na ɗora hannuwana a kan gwiwa. Ya waiwayo ya ce, "Ɗan'uwa, ba mu kiɗa mana." Na sunkuyar da kai. Ya ci gaba shi kaɗai, amma maganar ta fito tsirara, kowa yana jin ta yadda take. Wasu da suka miƙe suka koma suka zauna. Ita mai ƙosai ta kai kuɗinta, domin shirun makaɗi ba ya hana mutum abin da ya yi niyya. Ni kuwa ko kuɗin mota ba a ba ni ba, kuma ba a sake nemana a wurin ba. Wani abokina makaɗi ya ce na wuce gona da iri, wai aikinmu kiɗa ne, hukunci na Allah ne. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, gama ba makaɗi aka naɗa alƙalin wa'azi ba. Amma amshi shaida ne. In na cike gurbin numfashin mutum da sautin da na san yana sa tsigar jiki tashi, na ce amin ke nan da yatsu goma, kuma amin ɗina ya fi na kowa ƙara a ɗakin. Wannan ita ce dokar Mama ta uku.

'Yan'uwana ɗalibai, mu da muke nazarin harshe da adabi ya kamata mu fi kowa lura da wannan, domin abin bai tsaya a coci ba. Akwai kiɗa a bayan jawabin ɗan siyasa, akwai a bayan tallar magani a rediyo, akwai a bayan kukan jaruma a fim, kuma a kowanne akwai wani mai yatsu da ya san inda zuciya take. Shawarata ita ce, duk maganar da ta motsa ka, ka zare mata kiɗan a ranka, ka maimaita ta da muryarka ta yau da kullum, ka ga ko za ta tsaya da ƙafafunta. In ta tsaya, kiɗan ado ne, kuma ba laifi a yi wa gaskiya ado. In ta faɗi, to ka san makaɗi ne ya yi maka wa'azi. Mu kuma masu zama a bayan ogan, Allah ya ba mu kunnen da zai riga hannu, amin.